Wa Ya Fara Yi Mata Allurar?

Ƙarfe biyun dare ya gota lokacin da muka shiga da ƙanwata ɗakin agajin gaggawa na wani asibiti. Ni da Inna ne muke tallafe da ita, don ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Da sikila aka haife ta, kuma duk wanda ya taɓa kwana da mai amosanin jini cikin hunturu ya san irin kukan da nake nufi. Nas ɗin da ke aikin dare ta ɗago kai, ta gane ta, sai ta ce, "Ke ce kuma? Fenta ce ta kira ki ko?" Na ce, "Sista, don Allah ki duba ta, tun magariba take murƙususu." Ta ce, "Malam, mun san irinsu." Sai da aka yi kusan awa guda kafin ta taso daga kujera.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya zalla matar nan ta yi ba. Ƙanwata ta kamu da fentazosin, allurar da ake kira fenta. Mun sani, ita ma ta sani. Amma a wannan daren ƙasusuwanta na ciwo da gaske, idanunta sun yi ɗorawa, jikinta zafi rau. Ciwon gaskiya ne, kamun ma gaskiya ne, duk a jiki ɗaya. Tambayar da ban iya yi wa nas ɗin ba a lokacin, saboda ina neman alfarmarta, ita ce: wa ya fara yi wa yarinyar nan allurar? Ba a bayan tasha ta koya ba, ba ƙawaye ne suka ja ta ba. Tana 'yar shekara goma sha huɗu, a kan gadon asibiti, likita ya rubuta, ma'aikaciyar jinya ta tsira mata. Aka yi ta yi duk lokacin da ciwon ya tashi, shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa zaunar da ita ko Inna ya ce wannan maganin yana da ƙugiya. Ranar da ƙugiyar ta kama, sai ga shi wurin da aka ɗana ta ne ake mata kallon 'yar ƙwaya.

Ra'ayina shi ne, a sha'anin jarabar magungunan kashe ciwo a ƙasar nan, babu wanda ya kai ma'aikacin jinya muhimmanci, kuma babu wanda aka bari a baya kamarsa. Muna ta maganar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da kwantenonin da take kamawa a tashar jiragen ruwa ta Legas, muna ta wa'azi a kan tarbiyya, duk daidai ne. Amma likita yakan zagaya da safe ya wuce, jami'in hukuma bai san ɗakin marasa lafiya ba. Wanda yake tsaye a bakin gado dare da rana, wanda makullin kabad ɗin magunguna masu haɗari yake aljihunsa, wanda sirinji yake hannunsa, shi ne nas. Shi zai fara ganin alamar kamu, shi ne kuma kalmarsa ɗaya za ta sa marar lafiya ya buɗe cikinsa ko ya rufe har abada.

Fenta, tiramol, kodin, mofin da hodar heroyin duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyom. Wasu daga ƙaron wani fure ake samo su, wasu a masana'anta ake haɗa su, amma ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa a ƙwaƙwalwa. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da nasa sinadarin rage raɗaɗi, da kuma wuraren da sinadarin yake sauka. Waɗannan magunguna a nan suke sauka, da ƙarfin da ya ninka na jiki. Idan abin ya ɗore, sai jiki ya gyara zama: ya rage nasa, ya dogara da baƙon. Daga nan allura ɗaya ba ta isa, sai biyu. In kuma aka tsayar farat ɗaya, sai jiki ya yi bore: hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, gumi, tsigar jiki na tashi, amai da gudawa, gaɓoɓi kamar ana sara, barci ya ƙaurace. Mai tiramol yakan ƙara da firgici, wani har da gane-gane, shi ya sa gidaje da yawa suke cewa iska ce, a nufi wajen mai ruƙiyya.

A nan akwai bambancin da ya kamata kowane nas ya riƙe kamar Fatiha. Sabo daban, jaraba daban. Duk wanda aka daɗe ana ba shi mofin, ko da waliyyi ne, jikinsa zai saba, kuma in an cire masa zai sha wahala. Wannan aikin jiki ne, ba ya nuna halin mutum. Jaraba kuwa ita ce lokacin da maganin ya karɓe linzami: mutum yana ganin yana cutuwa, ya sayar da wayarsa, ya yi ƙarya, ya rantse ya daina, gobe ya koma. Akwai kuma kashi na uku, wanda masu sikila suka fi faɗawa ciki: mutumin da ba a ba shi isasshen magani ba, yake ta kiran nas, yake duba agogo, yake ambaton sunan maganin da ya san yana masa aiki. Daga nesa sai ka rantse ɗan ƙwaya ne. A kashe masa ciwon yadda ya kamata, sai ka ga duk wannan ya ɓace. Nas ɗin da ba ta iya rarrabe waɗannan ukun ba, za ta zalunci biyu, ta kuma kasa taimakon mai jarabar.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan dangin ofiyom ne suka sha ba bisa umarnin likita ba, akasari tiramol, kuma cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. A watan Mayun 2018, bayan rahoton da BBC ta yi a kan kodin, gwamnati ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin. An yi murna, ni ma na yi. Sai dai babu wanda ya tambaya ina waɗanda jikinsu ya riga ya saba za su nufa washegari. Tsugune ba ta ƙare ba: wasu sun koma tiramol, wanda hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 kawai amma kasuwa ta cika da mai 225. A 2025 kuma aka bankaɗo yadda ake turo wani haɗin tafentadol, shi ma ɗan dangin ofiyom, daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma. Ana toshe rami ɗaya, wani na buɗewa, domin ƙishirwar tana nan a jikin mutane.

Ita fenta ba ta cika shiga labarai ba, saboda masu ita ba a kan titi suke tangaɗi ba. Suna cikin ɗaki, da yawansu masu sikila ne, a ƙasar da ake haifar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta duk shekara. Kwalbar miligiram 30 ce 'yar ƙarama, tana da araha, kuma akwai kemis ɗin da zai sayar maka ba tare da takardar likita ba, har ya yi maka allurar a bayan kanta. Daga baya mutum ya koyi yi wa kansa. Illarta a fata da tsoka take fitowa: gyambon da ba ya warkewa, cinya ta sandare kamar itace, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ƙanwata ta yi shekara biyu tana ɓoye cinyoyinta, har Inna ba ta gani ba. Wadda ta fara gani nas ce.

Wata dattijuwa ce, ta kusa ritaya, a wani kwanciya da aka yi bayan wancan daren. Ta zo yi mata allura, ta ɗaga zane, ta ga tabo a kan tabo. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira abokan aikinta su zo kallo ba. Ta mayar da zanen, ta ja labule, ta zauna a gefen gado ta ce, "'Yata, sau nawa kike yi a rana? Faɗa mini gaskiya, don in san abin da zan gaya wa likita, kada mu ba ki abin da ba zai ishe ki ba." Ina bayan labule ina ji. Yarinyar da ta yi shekaru tana rantse mana da Alƙur'ani cewa ba ta yi, sai na ji ta ce, "Mama, sau shida. Wani lokaci takwas." Tambaya ɗaya aka yi mata ba tare da zargi ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya raba matan nan biyu. Makaranta iri ɗaya suka yi, farar riga iri ɗaya, albashi kusan ɗaya. Da sauƙi a ce wannan mai imani ce, waccan ba ta da shi, amma ban yarda a tsaya nan ba. Ta farkon ita kaɗai ce a kan marasa lafiya fiye da ashirin a daren. Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta faɗa a 2024 cewa nas-nas sama da 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku, kuma waɗanda suka rage su ke ɗaukar kayan. Na kuma san cewa mai jaraba yana da wuyar sha'ani: yana ƙarya, yana zagi, wani yakan saci magani daga kan tire. Wanda aka yaudara sau goma ba laifi ba ne in ya yi taka-tsantsan. Sai dai taka-tsantsan ba wulaƙanci ba ne, kuma abin da dattijuwar ta yi bai ci minti biyar ba. Sani ne ta fi ɗayar, ta san abin da take gani, ta san me ake yi da shi. Sani kuwa ana koyar da shi. Matsalar ita ce mun ware ilimin jaraba mun kai shi asibitocin ƙwaƙwalwa, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, kamar a can kaɗai masu ita suke. Alhali suna ɗakin haihuwa, suna ɗakin ƙashi bayan hatsarin babur, suna ɗakin masu sikila. Kuma mace mai aure ko budurwar da ke jiran manemi, kafin ta yarda a gan ta a Dawanau, ta gwammace ta mutu a ɗaki.

To, me ake yi da wanda ya kamu? Abu na farko, ba a hana shi maganin ciwo don horo. Wannan kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Mai sikila da ciwonsa ya tashi yana buƙatar magani mai ƙarfi cikin gaggawa. A Ingila ƙa'idar ita ce a ba shi cikin minti 30 da isowarsa. Wanda jikinsa ya saba ma, sau da yawa ya fi buƙatar mai yawa. In aka hana shi a asibiti, ba gida zai koma ya yi haƙuri ba, kemis zai tafi, kuma an koya masa kada ya sake faɗin gaskiya. Abin da ya dace shi ne a kashe ciwon da maganin da ya fi fenta tsari, a kan lokaci, a rubuce, sannan bayan guguwar ta wuce a zauna maganar yaye.

Da gangan na ce yaye. Kowace uwa ta san yaron da aka cire daga nono rana ɗaya yadda yake yi, ta kuma san wanda aka fara haɗa masa da kunu. Rage magani sannu a hankali, tare da maganin amai, na gudawa, na barci, da ƙarin ruwa in ya kama, aikin jinya ne tsantsa. Nas ce za ta riƙa auna bugun zuciya, ta duba ƙwayar ido, ta lura da gumi da hamma, ta gaya wa likita an yi sauri ko an yi daidai. Amma kada mu yaudari kanmu, wanke jiki na sati biyu ba shi ne warkewa ba. Mafi yawan waɗanda aka tsaya da su a nan suna komawa. Kuma komawar ita ce mafi haɗari, domin jiki ya riga ya manta sabonsa. Adadin da mutum yake sha a da ya tashi lafiya, yanzu shi zai tsayar masa da numfashi. Duk nas ɗin da ta sallami irin wannan marar lafiya ba ta gaya masa wannan magana ba, shi da danginsa, ta bar aikinta a rabi.

Ga wanda jarabar ta yi wa katutu, duniya ta daɗe da samun abin da yake aiki: metadon da bufurenofin. Su ma dangin ofiyom ne, amma suna aiki a hankali, su daɗe a jiki, su kwantar da ƙishirwar ba tare da sun bugar ba, mutum ya iya zuwa kasuwa ko makaranta. Tun 1965 likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna amfanin metadon, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin waɗanda bai kamata a rasa ba. Suna rage mutuwa da kusan rabi. Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a gidanmu: an sayar da kare an sayi biri, an cire ƙwaya an ba da ƙwaya. Kawuna ma cewa ya yi ai maye maye ne. Na tambaye shi, shi da yake shan maganin hawan jini kullum safiya shekara goma sha, ya kamu ke nan? Abin dubawa shi ne me maganin ya yi wa rayuwar mutum. Wanda yake sata don ya sayi allura, yau yana karɓar magani a gaban nas ya wuce wurin aikinsa, yana salla cikin hayyacinsa, ban ga ta inda za a ce bai samu sauƙi ba. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili cikin 2011, Senegal ta buɗe nata a Dakar a ƙarshen 2014. Ba ƙasashen da suka fi mu kuɗi ba ne. Mu kuwa har yau in ka shiga babban asibitin jiha ka tambaya, da wuya ka samu.

Inda babu magani, gidan mari ne yake cike gurbin. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, wata guda bayan nan aka sake ganin irinsa a Daura. Aka yi ta tsine wa masu gidajen. Ni iyayen na fi tunani, waɗanda suka kai 'ya'yansu da hannunsu har suna biya. Ba ƙiyayya ce ta kai su ba, sun rasa inda za su ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙi a takarda. Takarda kuwa ba ta zama a bakin gado.

Akwai wani magani da rashinsa ya fi ba ni haushi, saboda ba shi da tsada kuma ba ya buƙatar ƙwararre: nalokson. Idan aka kawo mutum a sume, numfashinsa na ja da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, wannan maganin yana ture ofiyom daga mazauninsa cikin minti biyu zuwa uku, mutum ya farfaɗo. Ƙarfinsa yakan ƙare kafin na ƙwayar, don haka dole a ci gaba da sa ido, wani lokaci a ƙara. Tiramol kuma yana da nasa sharrin na jijjiga kamar farfaɗiya, wanda nalokson ba ya maganinsa. Duk wannan darasin yini guda ne. A Amurka, inda masifar ta kai ga rasa mutum sama da 100,000 a shekarar 2022 saboda ƙwaya, tun 2023 ana sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. Mu ba mu ce a kai kowane gida ba tukuna. A sa shi a kowane ɗakin agajin gaggawa da kowane asibitin sha-ka-tafi, a kuma ba nas izinin yin amfani da shi ba sai ta jira an taso likita daga barci ba.

Za a ce ba a sakar wa nas irin wannan iko. Yuganda ta saka. A 2004 ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman damar rubuta mofin na sha ga masu ciwo mai tsanani, saboda ta lissafa ta ga in likita za a jira, mutanen karkara za su mutu suna ihu. Amurka ma a 2016 ta buɗe wa manyan nas-nas ƙofar rubuta bufurenofin. Mu da a ƙauyukanmu nas ko jami'in lafiya shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne ungozoma, mun fi kowa buƙatar wannan, in dai an haɗa da horo da lissafi mai tsauri.

Lissafin nan ya kawo ni kan maganar da ma'aikatan lafiya ba sa son a yi a waje. Su ma suna kamuwa. Mai aikin dare uku a jere, ga ciwon baya, ga kwalbar fenta a hannunta, ta san adadin, ta san jijiya. Abokan aiki sukan gane: littafin magani ba ya daidaita, kwalabe suna yawan "fashewa" a lokacin aikin mutum ɗaya, marasa lafiyarsa suna kukan ciwo alhali an rubuta an ba su. Sai a yi shiru don kada a raba wani da abincinsa, har ranar da za a tsince shi a banɗaki. Ko kuma a kore shi a asirce, ya koma wani asibitin kuɗi ya ci gaba. Hukumar ma'aikatan jinya da ƙungiyarsu suna iya buɗe hanya ta uku: wanda ya kawo kansa a ɗauke shi daga wurin magani, a yi masa jinya, a sa masa ido, in ya tsaya da ƙafarsa ya dawo aiki. Muddin faɗin gaskiya yana nufin rasa lasisi, babu wanda zai faɗa, kuma marar lafiyar da ake yi wa allurar ruwa a maimakon magani shi ne yake biya.

Ƙanwata ta yi wata bakwai ana yaye ta. Ta koma sau biyu. A karo na biyun ita da kanta ta je ta sami dattijuwar nan ta faɗa mata, matar ta ce, "To, 'yata, mun ji. Ranar Litinin ki zo da katinki mu sake lissafi." Ƙafarta ta hagu har yau ba ta lanƙwasuwa sosai, a zaune take salla. Dattijuwar ta yi ritaya bara. Da hunturun bana ya shigo, ciwon ya tashi da dare, muna cikin mota ƙanwata ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ka fara shiga ka duba wace ce take aiki."